Doka ce ke jan ra'ayin jama'a kan daidaiton maza da mata, ko ra'ayi ne ke jan doka?

Malama Rabi
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wani lissafi da nake so mu duba tare. A 1959 an yi ƙuri'ar raba gardama a Suwizalan kan ko a bai wa mata 'yancin zaɓe a matakin ƙasa. Maza kaɗai suka kaɗa ƙuri'ar, kashi biyu cikin uku suka ce a'a. Da aka sake a 1971, kusan kashi biyu cikin uku suka ce e. Shekara 12 ce tsakani. Shin mutanen ne suka sauya ra'ayi, ko waɗanda suka ƙi ne suka rasu wasu suka maye gurbinsu? Amsar tana da amfani, domin idan sai wani zuri ya shuɗe ra'ayi ke canzawa, to wayar da kan manya ɓata lokaci ne.

Malam Bashir
Wa alaikumus salam, Malama. Lissafi kaɗai zai raba wannan gardamar. Daga ranar da mutum ya isa zaɓe zuwa ƙarshen rayuwarsa shekara 50 zuwa 60 ne, ke nan a kowace shekara abin da ke sauyawa cikin masu zaɓe bai cika kai kashi 2 cikin 100 ba. A shekara 12 ki ce kashi 20 zuwa 25. Ko da duk waɗanda suka rasu masu a'a ne, duk sababbin shiga kuma masu e ne, wanda ba ya yiwuwa, tazarar ba za ta wuce maki 25 ba. Amma masu e sun tashi daga kusan 33 zuwa kusan 66. Dole dai akwai ɗimbin mazan da suka ce a'a a 1959 suka dawo suka ce e. Kuma a tsakanin shekarun nan wasu jihohin ƙasar sun bai wa mata zaɓe a matakinsu, Vaud ta fara a 1959 ɗin, mutane suka gani da idonsu babu abin da ya lalace.

Dakta Hauwa
Malam Bashir ya yi daidai. Ga yadda ake raba abubuwan biyu idan ana da bayanai. Ana bukatar tambaya ɗaya da aka riƙa maimaitawa da lafazi ɗaya tsawon shekaru. Sai a rarraba masu amsa bisa shekarar haihuwa, ba bisa yawan shekarunsu ba: waɗanda aka haifa a shekarun 1940 layinsu daban, na 1950 daban, haka har ƙasa. A bi kowane layi daga binciken farko zuwa na ƙarshe. Idan layin ya miƙe bai motsa ba, amma kowane sabon layi ya fara sama da na gabansa, maye gurbi ne ke aiki. Idan duk layukan suka ɗaga tare a lokaci guda, wani abu ne ya faru a zamanin wanda ya taɓa yaro da babba.

Inda ake yawan zamewa shi ne a ɗauki binciken shekara ɗaya, a ga tsofaffi sun fi matasa riƙo da tsohon ra'ayi, a ce tsufa ne ke kawo haka. Binciken shekara ɗaya ba zai taɓa nuna wannan ba. Ko da bayanan shekaru da yawa ma, shekarun mutum daidai suke da shekarar bincike a debe shekarar haihuwa, don haka ba a iya warware ukun gaba ɗaya sai an ɗora wani zato a kan ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya kawo sakamako bai faɗi zaton da ya ɗora ba, a tambaye shi.

A Amurka, cikin 1977, kusan kashi biyu cikin uku na masu amsa sun yarda cewa ya fi wa kowa alheri miji ya fita nema, mace ta kula da gida. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 ya sauko zuwa wajen kashi ɗaya cikin uku. A Birtaniya irin wannan tambaya ta faɗo daga kashi 48 a 1987 zuwa kashi 8 a 2017. A duka biyun hanyoyin biyu sun yi aiki tare.

Alhaji Nura
Dakta, ni ina da ja a kan waɗannan alƙaluma tun daga tushe. Mutum ya san amsar da ake so ya bayar. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Pew ta tambayi mutane a ƙasashe 34, rahotonta na 2020 ya ce kashi 94 sun yarda yana da muhimmanci mata su sami hakki ɗaya da maza. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, kuma a 2023 ta ce kusan mutum 9 cikin 10 a duniya suna da aƙalla ra'ayi ɗaya na fifita namiji, kuma shekara goma ke nan abin bai gyaru ba. Wanne za mu ɗauka?

Dakta Hauwa
Alhaji, duka biyun za mu ɗauka, don ba abu ɗaya suka auna ba. Tambaya ta gaba ɗaya ba ta da tsada, kowa zai ce e. Da zarar an sa wani abin asara a ciki sai adadin ya faɗi. A binciken Pew ɗin nan, da aka ce idan aiki ya yi ƙaranci maza sun fi cancanta a ba su, wajen kashi 40 sun yarda. Wannan tambayar ce ta fi nuna inda mutum ya tsaya.

Kan batun ɓoye ra'ayi kuwa, gaskiyarka, kuma akwai dabarar auna shi. A raba masu amsa gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko a karanta musu jimloli huɗu, a ce nawa ne daga ciki ke ɓata maka rai, faɗi adadi kawai, kada ka ce wanne. Rukuni na biyu a ƙara musu ta biyar, wadda ita ake nema. Bambancin matsakaicin adadin rukunan biyu shi ne kason mutanen da jimla ta biyar ta ɓata wa rai. An yi haka a Amurka kan mace ta zama shugabar ƙasa, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna kashi 26, alhali a tambayar kai tsaye ta kamfanin binciken ra'ayi na Gallup wajen kashi 90 ke cewa za su zaɓi mace. Dabarar tana lalacewa ta hanya biyu. Idan jimlolin huɗu duk masu ɓata rai ne, wanda ya ce biyar ya tona kansa, sai ya rage ɗaya. Sannan tana cin mutane da yawa, da ɗari biyu ko uku ba za a ga komai ba sai hayaniyar lissafi.

A ƙara da jinsin mai tambaya. Namiji kan ba mace mai tambaya amsa mai laushi fiye da wadda zai ba ɗan uwansa namiji. Idan bana ma'aikatan bincike yawancinsu mata ne, a zagayen baya kuma maza ne, za a ga canjin da babu shi.

Malam Bashir
Lafazin ma yana canzawa. Tambayar Gallup ta 1937, wadda kashi 33 suka ce e, cewa ta yi za ka zaɓi mace idan ta cancanta ta kowace fuska ban da wannan. Tambayar da kanta ta ɗauki zama mace a matsayin naƙasu. Daga baya aka gyara, don haka farkon layin da ƙarshensa ba ma'auni ɗaya ba ne.

Malam Sadiq
Kun tsaya a kan ma'auni, ni kuma dalili nake nema. A ganina aiki ne ke gaba, ra'ayi yana bin sawu. Masaniyar tattalin arziki Ester Boserup ta lura tun 1970 cewa al'ummomin da ke noma da garma, wadda ke son ƙarfin ƙirji da sarrafa dabba, sun fi tura mata cikin gida fiye da masu noma da fartanya. A 2013 Alesina da Giuliano da Nunn suka gwada wannan da bayanai, suka samu cewa zuriyar manoman garma har yau mata ba su cika fita aiki ko shiga siyasa ba, har cikin 'ya'yan baƙin da aka haifa a Turai da Amurka, waɗanda ba su taɓa riƙe garma ba. Ra'ayin ya daɗe bayan dalilinsa ya gushe.

Kuma kada a ɗauka da zarar ƙasa ta fara arziki sai mata su fita. Claudia Goldin, wadda ta sami kyautar Nobel a 2023, ta nuna cewa abin lanƙwasa yake yi. A zamanin noma da sana'ar gida matan aure suna aiki sosai. Da masana'antu suka zo, aiki ya bar gida ya koma wuri mai nisa da ƙazanta, sai fitar matar aure ta zama abin kunya ga miji, adadin ya faɗi. Sai da aikin ofis da koyarwa da jinya suka yawaita, 'yan mata suka gama sakandare, sannan ya sake tashi. Irin aikin ne ke yanke hukunci, ba yawan kuɗin ƙasa ba.

Jamus ta fi kowa nuna wannan. Al'umma ɗaya ce aka raba. A Gabas gwamnati na bukatar hannun mata a masana'antu, ta buɗe gidajen renon yara ko'ina, kafin 1990 kusan duk mace mai ƙarfin aiki tana aiki ko karatu. A Yamma har zuwa 1977 doka cewa take mace tana da damar aiki ne muddin bai ci karo da wajibanta na aure da iyali ba. Shekaru da dama bayan haɗewa, mutanen Gabas sun ci gaba da fin na Yamma yarda cewa aikin uwa ba ya cutar da yaro.

Hajiya Asma'u
Malam Sadiq, misalin Jamus da ka kawo ai hujjata ce, don hukuma ce ta tsara shi, ba kasuwa ba. Bari in kawo wanda ya fi fitowa fili. Gyaran kundin tsarin mulkin Indiya na 73, wanda ya fara aiki a 1993, ya ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun shugabancin majalisun ƙauyuka. A jihar Yammacin Bengal rabon ƙauyukan bai bi son ran kowa ba, kamar ƙuri'a aka jefa, shi ya ba Esther Duflo da abokan aikinta damar kwatanta ƙauyen da mace ta shugabanta da wanda ba ta taɓa ba.

Ga abin da suka yi. Suka naɗi jawabin shugaba guda ɗaya, kalma ɗaya, sau ɗaya da muryar namiji sau ɗaya da ta mace. Kowane mutum ya saurari ɗaya, aka ce ya auna ƙwarewar mai magana. A ƙauyukan da ba su taɓa ganin mace a kujerar ba, maza suka rage wa muryar mace maki. A waɗanda suka gani, wannan ragin ya ɓace. Amma ku lura da abu biyu. Macen farko da ta hau kujerar ta sha mummunan hukunci daga jama'a duk da aikinta bai gaza na maza ba, sai a zango na biyu aka daidaita ta da namiji. Sannan da aka tambayi mazan kai tsaye wa suka fi so, har yanzu namiji suka ce. Ganinsu game da iyawar mace ya canza, son ransu bai canza ba tukuna.

Ribar ta fi fitowa a 'ya'ya. A ƙauyuka 495 da aka bincika, inda mace ta yi zango biyu tazarar burin da iyaye ke yi wa ɗa da 'ya ta ragu da kusan kashi 20, a wajen matasan kansu da kusan kashi 32, tazarar karatu tsakanin samari da 'yan mata kuma ta rufe. Wanda ya ware kujera zango ɗaya ya janye, ɗacin kawai ya kwasa. Matsalar da aka sani kuma ita ce a wasu wuraren miji ne ke mulki da sunan matarsa.

Alhaji Nura
Hajiya, ban musa ba, amma doka ba ta tafiya da ƙafarta. Majalisar Amurka ta zartar da gyaran kundin tsarin mulki kan daidaiton hakkin maza da mata a 1972, ana bukatar amincewar jihohi 38. Aka samu 35 zuwa 1977, daga nan abin ya cije har wa'adin 1982 ya cika, alhali binciken ra'ayi na nuna rinjaye na goyon baya. Phyllis Schlafly, jagorar masu adawa da gyaran, ta tara matan aure ta ce musu za a kai 'ya'yansu mata fagen yaƙi, kuma za su rasa hakkin ciyarwa. 'Yan kaɗan masu zafi da tsari sun kayar da masu yawa masu sanyi. Afganistan kuma ta nuna cewa abin da aka gina cikin shekara 20 ana iya rufe shi cikin watanni: makarantun sakandare na 'yan mata tun 2021, jami'o'i a Disambar 2022.

Malama Rabi
Akwai abu na uku da ba doka ba ne, ba kuma ra'ayin mutum ba: abin da yake zaton maƙwabtansa suna tunani. An yi gwaji a Riyad da magidanta 500 masu shekara 18 zuwa 35, aka buga sakamakon a 2020. Ana tara mutum 30 'yan yanki ɗaya, kowa ya amsa a asirce ko ya yarda a bar mata su yi aiki a wajen gida. Kashi 87 suka yarda. Sai aka ce kowa ya ƙiyasta mutum nawa cikin sauran 29 suka yarda, kusan kashi uku cikin huɗu suka faɗi ƙasa da gaskiya. Rabinsu aka nuna musu ainihin adadin, rabi ba a nuna ba. Daga nan kowa ya zaɓa: ƙarin kyautar kuɗi, ko a yi wa matarsa rajista da kamfanin samar da aiki. Cikin waɗanda ba a nuna wa ba kashi 23 suka zaɓi rajista, cikin waɗanda aka nuna wa kusan 32. Bayan 'yan watanni matan waɗanda aka nuna wa sun fi neman aiki da zuwa ganawar ɗaukar aiki.

Wannan ne ke bayyana abin da ya sa wani lokaci a ga shiru na shekaru, sai kwatsam komai ya juya. Ra'ayin ya riga ya canza a zuci, kowa na jin shi kaɗai ne. Sharaɗin dabarar shi ne rinjayen ya kasance akwai shi da gaske. Inda masu goyon baya tsiraru ne, bayyana adadin ƙara musu sanyin gwiwa zai yi.

Umar
Iyayena da yayyena, ina da tambaya. Idan kowane sabon zuri ya fi na baya goyon baya, me ya sa ake cewa samari a Koriya ta Kudu sun juya baya?

Malam Bashir
Umar, domin babu wata ƙa'ida da ta ce dole sabon zuri ya fi na baya. Abin da mutum ya tarar tsakanin balaga da farkon shekarunsa na ashirin ne ke zaunar masa da ra'ayi. Koriya ta yi sauyi mai sauri ƙwarai. A 1990 ana haihuwar maza 116 a kan kowace mace 100 saboda zubar da cikin 'ya mace, kafin shekara 20 adadin ya dawo kusa da na halitta, wajen 105. Kotun tsarin mulki ta soke tsarin da ya ɗora shugabancin iyali a kan namiji a 2005, sokewar ta fara aiki a 2008. Saurayin da ya tashi bayan haka bai ga wancan zamanin ba. Abin da ya gani shi ne 'yan mata sun fi shi shiga jami'a, shi zai yi kusan wata 18 a aikin soja na dole, aiki mai kyau ya yi ƙaranci, gida ya yi tsada. A zaɓen shugaban ƙasa na 2022 Yoon Suk Yeol ya yi alkawarin rushe ma'aikatar daidaiton jinsi, kusan kashi 59 na samari 'yan shekara ashirin da wani abu suka zaɓe shi, kusan kashi 58 na 'yan mata sa'o'insu suka zaɓi abokin hamayyarsa. Duk da haka ratar albashi tsakanin maza da mata a Koriya ita ce mafi faɗi a OECD, ƙungiyar da yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki. Ratar tana buɗewa ne bayan aure da haihuwa, shekarun da saurayin bai kai ba tukuna.

A Amurka ma layin da Dakta ta ambata ya tsaya cak daga tsakiyar shekarun 1990, har ya ɗan koma baya, kafin ya sake motsi. Goyon bayan mace a makaranta da ofis da majalisa ya yi nisa, na raba aikin gida da reno ya rage a baya.

Hajiya Asma'u
Shi ma na cikin gidan tsarin doka na taɓa shi, in an iya tsarawa. Suwidin ta ba iyaye hutun haihuwa na tarayya tun 1974, uwa ko uba duk wanda ya so ya ɗauka. A farko abin da iyaye maza suka ɗauka bai kai kashi 1 cikin 100 na kwanakin ba, don duk hutun da za a iya miƙa wa uwa, ita za a miƙa wa. A 1995 aka ware wata ɗaya wanda in uba bai ɗauka ba ya ƙone, aka ƙara na biyu a 2002, na uku a 2016. Yanzu iyaye maza na ɗaukar wajen kashi 30 na kwanakin. Nowe ta ware mako huɗu a 1993, masu ɗauka suka tashi daga kashi 3 zuwa kusan 35 nan take. Bincike ya nuna idan mutum ya ɗauka, yiwuwar abokin aikinsa ya ɗauka na ƙaruwa da maki 11, na ɗan uwansa na jini da maki 15. Sun ga ya tafi ya dawo ba a kore shi ba, ba a hana shi ƙarin girma ba. Sharuɗɗan uku ne: kason ya zama ba a miƙawa, kuɗin hutun ya kusanci albashi, sannan a ga manya a wurin aiki sun ɗauka.

Alhaji Nura
To a nan mun haɗu. Abin da zan ƙara shi ne bakin da maganar ta fito. A Maroko, cikin Maris na 2000, masu son gyaran dokar iyali sun yi gangami a Rabat, masu adawa suka yi wanda ya fi shi girma a Kasabalanka, don sun ɗauki shirin a matsayin kayan waje. Sarki Muhammad na Shida ya kafa kwamiti da malaman fiƙihu da alƙalai da mata a ciki, a jawabinsa na Oktoban 2003 ya jingina gyare-gyaren da ayoyi da hadisai. Majalisa ta amince a 2004 ba tare da hamayya ba. Shekarun auren mace suka tashi daga 15 zuwa 18, iyali ya koma ƙarƙashin kulawar miji da mata tare, ƙarin aure sai da izinin alƙali. Amma an bar wa alƙali ƙofar ba da izinin aurar da wadda ba ta kai 18 ba, kuma alƙalai sun riƙa amincewa da mafi yawan buƙatun da aka kawo musu. Wanda zai aiwatar da doka shi ma yana da nasa ra'ayin, in ba a yi aiki a kansa ba togaciya ce za ta zama ƙa'ida.

Umar
Dakta, makaranta fa? Ana iya koyar da wannan a aji, ko sai dai a jira?

Dakta Hauwa
An gwada, Umar. A jihar Haryana ta Indiya an ɗauki makarantun gwamnati 314, aka zaɓi 150 ta hanyar ƙuri'a. Ƙungiyar Breakthrough ta riƙa tura masu jagorantar tattaunawa, minti 45 kusan kowane mako uku, tsawon shekara biyu da rabi, ga yara 'yan farkon sakandare, maza da mata. Ba lacca ake yi ba. Ana ba yara aiki ne, misali su lissafa wa ke dafa abinci da wanki a gida, wa ke yin irin wannan aikin a otal ana biyansa, su yi gardama a kan dalilin. Shirin ya juya kusan kashi 16 na ra'ayoyin fifita namiji da yaran suka zo da su, kuma da aka koma bayan shekara biyu tasirin yana nan. Halayya ta fi canzawa a wajen samari, suka ƙara taɓa aikin gida. 'Yan matan ra'ayinsu ya canza amma ikon aiwatarwa ba a hannunsu yake ba, yana hannun iyaye. Duk wanda zai kwaikwayi shirin ya auna ra'ayin yaran kafin a fara, ya ajiye makarantun kwatance da ba a taɓa ba, ya kuma auna yawan son burge mai tambaya da kowane yaro ke da shi tun farko, don a iya gane ko amsar da ya bayar a ƙarshe tasa ce ko ta malaminsa.